Yadda zaka duba boltejin kowane sel a batirin mota ko keke mai caji ba tare da wuta ta ja ka ba

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai hankalin mutane ya koma kan abin hawa mai caji, a Maiduguri dama tun kafin nan matasa suke haɗa ƙananan bas da keke masu aiki da lantarki, yanzu kuma ga babura da adaidaita sahu masu batir suna ta shigowa, ga 'yan Nissan Leaf tokumbo, ga Hyundai Kona da aka fara haɗawa a Legas a 2020. To babban kason kuɗin abin nan a batir yake, in batir ya mutu kusan sabon ciniki ne ya same ka. Kuma batir baya mutuwa gaba ɗaya lokaci guda, shi tarin ƙananan batira ne da ake kira sel, sel ɗaya ne ke fara gazawa a hankali, sauran suna nan lafiya lau, kai kuma baka sani ba saboda lambar da kake gani a gaban sitiyari jimilla ce kawai take nuna maka.

Bari in baka lissafi ka gani. Keke mai batirin 72 bolt irin LFP yawanci sel 24 ne a jere. Ka auna bakin batir kaga 79.2, ka raba gida 24 ya baka 3.30 kowane ɗaya, sai kace lafiya ƙalau. Amma fa zai iya zama sel 23 suna kan 3.32, ɗaya kuma yana kan 2.84, jimillar dai 79.2 ce bata canza ba. Wannan ɗayan shine zai kashe maka keke a tsakiyar titi da fasinja a ciki alhali mita na cewa da sauran caji. Kamar jarkokin mai ga-ruwa ne a kura, in ana zuba musu ruwa daidai wa daida, ƙaramar cikinsu ita zata fara ambaliya, in an zo juyewa kuma ita zata fara ƙarewa, kuma a batir da zarar guda ta cika ko ta ƙare dole kowa ya tsaya. Shi yasa duba sel ɗaya bayan ɗaya shine kaɗai hanyar sanin gaskiya. Sai dai a nan ne kuma mutane ke cutar da kansu, don haka bi a hankali.

Mataki na 1: san irin batirin da ke gabanka

Kafin ka taɓa komai ka karanta takardar da ke manne jikin batir da ta jikin caja. Iri biyu zaka fi haɗuwa dasu. Akwai LFP, wanda ake rubutawa LiFePO4, shi sel ɗinsa 3.2 bolt ne a tsakiya, cikarsa 3.65, ƙarshensa 2.5, shine a yawancin keke da batiran sola da motocin BYD masu batirin Blade. Akwai kuma NMC da danginsa, 3.6 zuwa 3.7 a tsakiya, cikarsa 4.2, kuma ba'a son ya sauka ƙasa da wajen 3.0, shine a Kona da babura da yawa da yawancin motocin Tesla masu dogon zango suna cikin wannan dangin.

Daga nan sai yawan sel a jere. Abin da ake kira 48 bolt, in LFP ne sel 16, cikarsa 58.4, in NMC ne sel 13, cikarsa 54.6. Na 72 bolt in LFP ne mai sel 24 cikarsa 87.6, in NMC ne sel 20 cikarsa 84. Dan Allah ka tsaya ka kalli waɗannan lambobi biyun na ƙarshe da kyau, domin duka cajojin 72V ake rubutawa a jikinsu da manyan baƙi, sokat ɗinsu ma sau da yawa iri ɗaya ne. In ka ari cajar 87.6 ka sa wa batirin NMC mai sel 20, kana tura kowane sel zuwa 4.38 kenan, abin da ya rage tsakaninka da gobara BMS ne kawai, wato allon kariya da ke cikin batir, in shi ma ya samu matsala shikenan. A wurin cajin haya inda kowa ke ɗaukar cajar da ya gani a kusa wannan ba ƙaramin haɗari bane.

Mota kuwa wata duniya ce daban. Leaf ta farko mai 24 kWh sel 192 gareta, an haɗa su biyu biyu sun zama 96 a jere, wajen bolt 360 a tsakiya, in ta cika tana kusantar 400. Kona mai 64 kWh 98 ne a jere. Ioniq 5 babba tana wajen bolt 700 zuwa 800.

Mataki na 2: fara da wayarka, ba da sukurdireba ba

Wannan shine abin da nafi so ka riƙe a duk rubutun nan. Kowane batirin litiyam na kirki yana da BMS a ciki, wato allon da ke da waya zuwa kowane sel, yana auna su kowane lokaci, shi ke yanke caji in ɗaya ya cika, ya yanke wuta in ɗaya ya faɗi. Aikin da kake son yi da hannu an riga an yi shi a ciki, naka kawai ka tambaye shi. Mafi yawan matsaloli zaka gano su kana zaune da waya a hannu baka kwance noti ko ɗaya ba.

In keke ne ko babur, duba ko BMS ɗin mai bulutut ne. JK da Daly da JBD da ANT duk suna da manhajarsu, ka kunna bulutut ka tsaya kusa da batir, zaka ga jerin sel daga 1 zuwa 24 kowanne da lambarsa, mafi sama da mafi ƙasa an canza musu launi, ga bambancin da ke tsakaninsu, ga amfiya da ke shiga ko fita, ga zafi. Ka kalla kawai. Akwai shafin saiti inda ake canza iyakar caji da iyakar faɗuwa, kar ka taɓa shi in baka san abin da kake yi ba, kuma in baka canza lambar sirrin da ta zo dashi daga kamfani ba ka canza, don duk wanda ke kusa da waya zai iya shiga. Na sha ganin masu gyara suna sauke iyakar ƙasa don keke ya daina yankewa, mai keke yaji daɗi ya biya ya tafi, alhali an cire wa batir kariyarsa ne, sel ɗin da ke ciwo an bar shi yaci gaba da nutsewa.

In mota ce, akwai sokat mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari, OBD2 sunansa, bolt 12 ne kawai a wurin babu abin tsoro. Zaka sayi 'yar na'urar da ake soka mata irin ELM327 mai bulutut ko wayfai. Ka sayi mai kyau, jabun masu arha da yawa basa iya karanta bayanan batir, masu Leaf sun daɗe da sanin cewa waɗanda aka rubuta wa 1.5 sun fi waɗanda aka rubuta wa 2.1 aiki. Ga Leaf manhajar LeafSpy ce, ga Kona da Ioniq mutane na amfani da Car Scanner, Tesla Model 3 kuwa sai ka haɗa da wata wayar adafta ta musamman sannan Scan My Tesla. A LeafSpy shafin farko zaka ga sanduna 96 a tsaye, kowace sanda sel biyu ne da aka haɗa, wasu ja wasu shuɗi, jan ba matsala bane, yana nufin BMS na rage wa wannan sel ɗin caji kaɗan don ya daidaita da 'yan uwansa. Abin da zaka nema shine sandar da ta nutse ƙasa ita kaɗai, da kuma lambar bambanci da aka rubuta da mV, wato milibolt, kashi ɗaya cikin dubu na bolt. Ka lura manhajar tana faɗaɗa hoton da kanta, wani lokacin zaka ga sanduna sun yi hawa da sauka har gabanka ya faɗi, ka duba lamba kaga milibolt 12 ne kacal, to lambar zaka yarda da ita. In ka gama ka zare na'urar, barinta a soke kwana da kwanaki yana iya shanye ƙaramin batirin 12.

Mataki na 3: auna sau uku, a yanayi uku

Nan ne ainihin ilimin yake, kuma nan mutane suka fi yin gaggawa. Awo ɗaya baya faɗin komai.

Na farko a huce. Ka ajiye abin hawa ya huta aƙalla awa ɗaya babu caji babu tafiya, sannan ka duba. A batir mai lafiya da ke tsakiyar caji bambanci tsakanin mafi sama da mafi ƙasa bai cika wuce milibolt 20 zuwa 30 ba. In ya kai 50 ka fara sa ido, in ya haura 100 a huce kuma a tsakiyar caji to akwai magana. Waɗannan ma'aunin masu aikin ne, littafin kamfanin motarka in ya faɗi wani abu daban shi zaka bi. Amma ga tarkon LFP: shi daga kusan kashi 20 har zuwa kashi 90 na caji boltejinsa kusan a kwance yake, tsakanin 3.2 da 3.35, sel mai rabin caji da mai kashi 80 duk kusan lamba ɗaya zasu nuna maka. Mai sayar da batir zai buɗe maka manhaja ya nuna maka bambanci milibolt 4 yace kaga sabo ne fil, kuma ba lallai ƙarya yake ba amma awon bai tabbatar da komai ba.

Shi yasa na biyu shine a bakin iyaka. Ka sa caji ka zauna kusa dashi lokacin da ya kusa cika, in sel-sel na LFP suka haura 3.40 nan kowa ke nuna halinsa. Zaka ga ɗaya ya ɓalle da gudu, 3.45, 3.55, 3.65, sauran suna nan a 3.40, BMS ya yanke, fitilar caja ta koma kore, mai keke ya ɗauka ya cika alhali jimilla ko 82 bata kai ba maimakon 87.6. Rubuta lambar wannan sel ɗin. Sannan ran da caji ya kusa ƙarewa ka sake dubawa kaga wa ya fara faɗuwa. A Leaf ma haka ne, a ƙasan caji ne bambanci ke buɗewa, kuma sel mai rauni shi ke jawo alamar kunkuru, mai nuna mota ta rage ƙarfi, ta fito da wuri.

Na uku da kaya a kai, wato ana jan wuta. Ka samu wani ya zauna a gefe ya riƙe wayar, kai ka tuƙa, kar ka haɗa tuƙi da kallon waya, ka hau gada ko ka taka da ɗan ƙarfi a hanyar da ba cunkoso, shi kuma ya ɗauki hoton allon ko bidiyo a daidai lokacin. Duk sel-sel zasu sauka, wannan dole ne, tambayar ita ce wa ya fi kowa sauka. Misali kowa ya sauka daga 3.30 zuwa 3.22 a amfiya 50, amma na 14 ya sauka zuwa 3.05, to na 14 ya faɗi da milibolt 250 sauran da 80, ya ninka su sau uku, kuma duk wannan faɗuwar zafi take zama a cikinsa ko a bakinsa.

Yanzu ka haɗa ukun ka karanta. Sel ɗin da ya riga kowa cika kuma ya riga kowa ƙarewa, cikinsa ne ya ragu, ya tsufa, daidaitawa bazata dawo dashi ba sai canji. Wanda yake ƙasa da kowa a sama kuma ƙasa da kowa a ƙasa, wannan baya aka bar shi, daidaitawa zata iya gyara shi, amma in ka daidaita bayan sati biyu ya sake komawa baya to yana zubar da caji a cikinsa ne, irin wannan nafi jin tsoro don yana iya zama alamar shot a ciki. Wanda a huce yake daidai da kowa amma da an ja wuta ya nutse, da an sa caji ya tashi sama, ko dai sel ɗin ne ko kuma notin da ke kansa ne ya saki ko bakin ya yi tsatsa, kuma da irin ramukan hanyoyinmu noti sakewa ba abin mamaki bane, sau da yawa an zubar da sel mai lafiya saboda noti ɗaya. In kuma kaga biyu maƙwabta, ɗaya ya hau ɗaya ya sauka da kusan adadi ɗaya, ko ɗaya na nuna sifili na kusa dashi na nuna abin da bai shiga hankali ba, fara zargin siririyar wayar awo da ke tsakaninsu kafin ka zargi sel.

Maganar daidaitawa kuma sai da haƙuri. BMS na gama-gari da 'yan miliamfiya 30 zuwa 100 yake yi, kuma sai a saman caji. Sel mai 100Ah da ya kauce da kashi 5 cikin ɗari, 5Ah kenan, a miliamfiya 50 awa 100 zai ɗauka. Masu daidaitawa da ƙarfi irin JK mai amfiya 1 ko 2 sun fi sauri nesa ba kusa ba.

Mataki na 4: in dole sai ka auna da hannu, a keke ko babur

Wani batirin BMS ɗinsa bashi da bulutut, wani kuma kana zargin BMS ɗin ne kansa ke ƙarya. To a nan za'a buɗe. Amma ka sani a ƙa'idar motoci ta duniya duk abin da ya haura bolt 60 na DC babbar wuta ake ɗaukarsa, kenan batirin 72 ya riga ya tsallake layi, balle da gumi a hannu a zafin Afrilu. Kuma ko na 48 ne da bazai ja ka sosai ba, sifana in ta faɗa tsakanin baki biyu ɗaruruwan amfiya ne zasu bi ta cikinta nan take, ƙarfe ya narke ya fantsamo maka a fuska. Wutar DC bata mutuwa da kanta da sauƙi in ta kama tartsatsi, ba kamar ta NEPA ba.

Ka kashe makulli, ka cire caja, ka cire babban filogin da ke zuwa kwantirola. Cire zobe da agogo da sarƙa da duk wani ƙarfe, har makullan da ke aljihun gaba. Sa tabarau na kariya da safar hannu ta lantarki, tsaya kan busasshen katako ko roba da takalmi a ƙafa, ba silifas a jiƙaƙƙen siminti ba. Sifana da sukurdireba su zama masu rufin roba da aka rubuta wa 1000V, in babu ka naɗe su da salatif har sai bakin kawai ya rage. Da ka ɗaga murfi ka rufe duk saman batirin da roba ko kwali busasshe, ka bar inda kake aiki kaɗai a buɗe.

Sai mita, wato na'urar auna bolteji ta hannu. Kafin ka kai ta kusa da batir ka kalli inda jar wayar take soke. In tana ramin 10A, ko an murɗa mita zuwa amfiya, to da ka ɗora ta kan sel ka yi shot da hannunka, wannan kuskuren ya ƙona mitoci da yatsu ba adadi. Jar waya a ramin V, maɓalli a kan DC. Tsinin ma ka rufe shi da salatif ka bar kamar milimita 2 zuwa 4, don kar ya zame ya haɗa biyu. Ka kuma san cewa 'yar mitar nan mai arha mai nuna 3.30 bata ganin abin da ke ƙasa da milibolt 10, kana buƙatar mai nuna 3.304, kuma in batirin cikin mitar ya yi sanyi lambobinta ma ƙarya suke zama, ka canza shi tukun.

Wuri mafi sauƙi shine farin filogin nan mai siraran wayoyi da ke shiga BMS, baƙa ɗaya a gefe sauran jajaye ko farare a jere. Ka zare shi a hankali ta jikin filogin ba ta wayoyin ba. Ramukan suna kusa da juna sosai, kuma siraran wayoyin nan galibi babu fiyus a kansu, kai tsaye suke daga sel, in tsininka ya haɗa biyu wayar zata yi ja ta narke tun daga filogi har cikin batir. Saboda haka tsini siriri, hannu a dafe kan tebur, haske mai kyau. Ka auna rami na farko da na biyu, sel na 1 kenan, na biyu da na uku sel na 2, haka har ƙarshe, wani na gefe yana rubutawa. Kar ka manta daga ramin farko zuwa na ƙarshe cikakken boltejin batir ne a cikin ɗan filogin nan.

In sabon BMS kake sawa, ka tabbatar babbar wayar B- ce ka fara ɗaurawa, sannan kafin ka soka filogin ka ɗora baƙin tsini a ramin farko ka bi da ja ɗaya bayan ɗaya, dole kaga lamba na hawa daki-daki, 3.3, 6.6, 9.9, 13.2, har sama. In ta tsallake ko ta koma baya an juya waya, kuma soka shi a haka yana ƙona BMS nan take.

Mataki na 5: mota mai bolt 400, inda ya kamata ka tsaya

Gaskiya ɗan uwa in baka samu horo a kan wannan ba, aikinka ya ƙare a OBD2. Jikin mutum mai gumi yana iya zama wajen om 1000, bolt 400 a kai miliamfiya 400 kenan, alhali na'urar kariya ta gida a 30 take yankewa don ceton rai. Duk waya mai ruwan lemo a mota ma'anarta kar ka taɓa.

Ga masu horon, tsarin da littafin Leaf ya shimfiɗa shine a cire wayar caji, a kashe mota, a nisanta makulli, a cire baƙar wayar batirin 12, sannan da safar hannu a zare babban filogin sabis da ke cikin motar a ƙasa ta wajen ƙafar kujerar baya a tsakiya, a sa shi a aljihu don kar wani ya mayar, a rufe raminsa, a jira minti 10 kafasitocin inbata su sauke. Safar ta zama aji 0 mai ɗaukar bolt 1000, da ta fata a samanta, kuma kullum kafin a sa sai an naɗe bakinta an matse iska a ciki a ji ko tana huci, huda kamar ta allura ta isa. Mita ta zama CAT III mai 1000V, a gwada ta a batirin 12 a ga tana aiki, a auna inda za'a taɓa, a sake gwada ta a batirin 12, don matacciyar mita ma sifili take nunawa. Kuma ba'a yin aikin mutum ɗaya, sai da wani a tsaye da ya san yadda zai janye ka da abin da wuta bata bi, ba da hannunsa ba.

Abin da ke ruɗin mutane shine suna ɗauka cire filogin sabis ya kashe batir. Bai kashe ba, raba shi gida biyu kawai ya yi, kowane ɓari na nan da abin da zai iya kisa. Batir ba'a kashe shi.

Ga ɗalibanmu masu son haɗa nasu ma'aunin da Arduino, ina jin daɗin ganin ƙoƙarin amma ku kula. Jera rezisto daga kowane sel zuwa ƙasa ɗaya yana shan sel-sel ba daidai ba, kuma da ka soka USB zuwa laftof ka haɗa batirin da jikin kwamfutarka da ma wutar gida in tana caji. Haka ɗan maƙalin ƙasa na osiloskop, in ka maƙala shi a tsakiyar batir shot ne. Akwai cip da aka ƙera don wannan aikin, irin LTC6811 mai auna sel 12 da layin sadarwa a keɓe, ko BQ76940 mai kaiwa 15, da su ake farawa, kuma a ƙaramin batir.

Mataki na 6: zafi, da alamun da ake gudu

Duk lokacin da ka duba bolteji ka duba zafi tare. Cajin litiyam sama da digiri 45 yana cin ransa, mu kuma a Sakkwato da Maiduguri da Yamai iskar waje kanta tana haura 40 a bazara, keke ya wuni a rana ana dawowa a soka masa caji yana huci. Ka bar shi ya sha iska a inuwa tukun. Leaf ta ƙarni na farko da na biyu ma batirinta babu ruwan sanyaya shi, shi yasa take saurin tsufa a ƙasashe masu zafi.

Sel ɗin da ka samu ya faɗi ƙasa da bolt 2 ya daɗe a haka, kar ka yi masa abin da ake cewa tayar dashi da wata caja. Tagullar cikinsa na iya narkewa ta sake taruwa ta huda shamakin tsakiya, zai karɓi caji kamar lafiya, ya kama wuta wata rana cikin dare. Manyan kamfanoni ma gobarar batir ta taɓa su, Chevrolet Bolt an janye ta a 2020 da 2021, Kona ma a 2021, duk saboda lahani a cikin sel. In kaga kumburi, ko kaji wani wari mai zaƙi-zaƙi kamar sinadari, ko huci, ko sel ɗaya yana ɗumi alhali ba'a caji ba'a tafiya, ka daina awo, ka cire caja daga bango, in da hali a tura abin hawan fili nesa da ɗaki da janareta da jarkar mai. In hayaƙi ya fara kowa ya matsa ta inda iska ke fitowa, hayaƙin guba ne, a kira 'yan kwana-kwana a faɗa musu batirin litiyam ne, ruwa mai yawan gaske yake buƙata, kuma yana iya sake tashi bayan awanni ko da an ga ya mutu. Kar a kwana da batir yana caji a ɗakin da yara ke barci ko a bakin ƙofar da ita kaɗai ce mafita.

Mataki na 7: ajiye tarihi

Sau ɗaya a wata ka ɗauki hoton allon a cike da kuma a kusan ƙarewa, ka rubuta kwanan wata da kilomita da zafi da lambar sel mafi sama da mafi ƙasa. In mafi ƙasan yana yawo, yau na 7 gobe na 19, ba komai. In kullum na 14 ne kuma tazarar na ƙaruwa wata bayan wata, ka kai shi tun ana iya canza sel ɗaya, kuma wanda za'a sa ya zama irinsu ɗaya, girma ɗaya, a kawo shi boltejin 'yan uwansa kafin a ɗaura. In da garanti kuwa hotunan nan sune hujjarka, kuma kar ka buɗe murfi kafin ka koma wurin dila.

In Leaf tokumbo zaka saya ka tafi da na'urarka a aljihu. Sanduna 12 na lafiyar batir da ke gaban mota ana iya goge ƙwaƙwalwar su dawo cif na ɗan lokaci, har lambar SOH mai nuna lafiyar batir a LeafSpy ma ta biyo su. Ka roƙi a bar maka ita cajin ya sauka ƙasa da kashi 30, ka sa wani ya riƙe LeafSpy, ka taka ta a hawa, ka duba ko akwai lambar matsala P33E6 a ajiye, wadda ke nufin bambancin sel ya wuce iyaka. In mai motar yaƙi yarda a soka na'ura, ka nemi wata motar.